Sifanar da Ta Rufe Titin Jirgi

Idan ka shiga babban filin jirgin saman birninmu ta ƙofar ma'aikata, ka tambayi mutumin da ya tsayar da jirage goma sha ɗaya saboda sifana guda, ba wanda zai ce ka maimaita. Mai gadi zai nuna maka hanya da baki. Mai shara za ta jingine tsintsiya ta raka ka, a hanya ta ƙara maka da cewa ai jiragen ashirin ne. Goma sha ɗaya ne. Shi ya faɗa mini, kuma a kan wannan maganar ba ya ƙari. Sunansa na yanka ya ɓace tuni. Baba Sifana kowa ke ce masa, har jikokinsa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata.

Abin da kowa ya sani gajere ne. Wata safiya ya gama gyaran fitilun titin da jirage ke tashi, ya duba kayan aikinsa, ya ga babu ƙaramar sifana. Ya sa aka rufe titin. Mutum arba'in suka jeru suna nemanta kusan awa guda, jirage na shawagi a sama, manya na gumi a ƙasa. Daga ƙarshe aka same ta a cikin takalminsa na hagu, yana tafe a kanta. A nan masu ba da labarin ke tsayawa, domin a nan dariyar take.

Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa. Kunnensa na dama ya yi nauyi saboda shekara talatin da ɗaya yana shan ƙarar inji, shi ya sa idan kana masa magana yake karkato maka da kai kamar zakaran da ya hango shaho. Aikinsa fitilu, amma ba na cikin gini ba, waɗanda aka binne a jikin titin jirgi don su nuna wa matuƙi hanya. Kowace fitila da murfinta na ƙarfe, kowane murfi noti shida ke riƙe da shi. Tayoyin jirgi na taka su kullum har su saki, shi kuma yana bin su yana ɗaurewa.

Lokacin da ya kama aiki, filin gini ɗaya ne mai fanka huɗu, biyu ke juyawa. Jirgi huɗu ake gani a rana. Da na safe ya tashi sai su baje kaya a tsakiyar titi su yi ta aiki har rana ta take, wani ma ya saci gyangyaɗi a inuwar mota. Babbar damuwarsu a lokacin awakin ƙauyen da ke bayan shinge ne. Sai birni ya yi ta kumbura, filin na bin sa. Aka rushe ginin mai fanka aka kafa na gilashi, mai matakalar da ke tafiya da kanta, wadda har yau Baba Sifana bai yarda ya hau ba. Aka tashi ƙauyen da awakinsa, aka shimfiɗa sabon titi mai tsawon kusan kilomita huɗu. Yanzu jirgi bai gama ɗaga hanci ba wani ya jero a bayansa. Lokacin gyara ya koma minti ashirin, shi ma da ƙyar ake yanko musu tsakanin jirgi da jirgi. Hasumiyar da ke ba jirage umarni ita ke ba su titi, ita ke karɓe abinta.

Da girman filin sai aka zo da allo. A jikin ƙofar motar masu fitila aka manna farin allo, kowane kayan aiki da maratayinsa, kuma an zana surarsa da baƙin fenti. Idan ka cire filaya, inuwarta na nan tana kallonka har ka dawo da ita. Dokar ita ce, ba za ka ce wa hasumiya ka fita daga titi ba sai kowace inuwa ta rufu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Injin jirgi idan ya buɗe baki zai tashi, duk abin da ke gabansa zuƙe shi yake yi, kuma ba ya iya tauna ƙarfe. Noti ɗaya ya isa ya kakkarya masa haƙora yana tsakiyar gudu, da mutum ɗari uku a bayansa.

Sauran ma'aikata a takarda suka karanta wannan. Shi da idonsa ya gani, kuma akwai wani abu a ciki da matarsa kaɗai ta sani.

A shekararsa ta bakwai, tun ba a san allo ba, ya canja murfin wata fitila da yamma. Ya kwance tsofaffin noti shida ya zuba a aljihu, ya ɗaura sababbi. Da ya koma gida ya zazzage aljihun a kan tabarma, sai ya ga biyar. Ya juya aljihun, ya kakkaɓe wando, ya leƙa ƙarƙashin gado. Biyar. Ya ce wa kansa ƙila a mota ya faɗi, ya yi shiru. Washegari da hantsi wani jirgi ya ɗauki gudu zai tashi, sai aka ji ƙara kamar an jefa tukunya a cikin injin niƙa. Hayaƙi ya turnuƙe, matuƙi ya taka birki, taya ta fashe, jirgin ya sauka daga kwalta ya kutsa cikin ciyawa. Ba wanda ya mutu. Amma yana cikin waɗanda suka ruga wurin, ya ga wata mata ba takalmi tana gudu da jariri a ƙirji, ba ta san inda ta nufa ba, jaririn kuma shiru, ko motsi ba ya yi. Ya ce mini bai san tsawon lokacin da aka ɗauka kafin jaririn ya tsala kuka ba, amma a cikin wannan lokacin ne furfurarsa ta fara. Masu bincike suka ce injin ya haɗiyi wani ƙarfe, ba a san daga ina ba. Ƙila nasa ne, ƙila daga jikin wani jirgin ya faɗo. Shekara ashirin da huɗu bai sani ba.

Tun daga ranar ya kama lalube aljihu. Zai fita gida ya laluba, zai shiga mota ya laluba, yana cin abinci ya ajiye cokali ya laluba. Abokan aiki suna ce masa mai neman kuɗin da bai ajiye ba. Matarsa kuwa ba ta taɓa yi masa dariyar wannan ba. Duk rigar aikin da aka ba shi sai ta zauna a kan keken ɗinki ta ninka aljihunan da ƙyalle mai kauri.

A makon da abin sifanar ya faru aka raba musu sababbin tufafin aiki, masu kyan launi, amma yadin kamar ganyen albasa. Ta ce, "Malam, ajiye shi na ɗinke maka aljihun tukuna."

Ya ce, "An ce kowa ya saka yau, manya za su zagaya. Gobe kya ɗinka."

Ta ce, "To, Allah ya kai mu. Amma kar ka zuba masa komai."

Ranar tsohon titi a rufe yake, ana sake masa kwalta, saboda haka duk jiragen ƙasar waje da na cikin gida a kan sabon suke. Da ƙarfe goma saura aka ba masu fitila minti goma sha biyar, ba ashirin ba. Su biyu ne, shi da direbansu Dogo, wanda ke da 'ya'ya shida da bakin da ba ya gajiya. An yi ruwa da asuba, don haka Baba ya cusa ƙafafun wandonsa a cikin dogayen takalman aiki. Suka bi fitilu yana durƙusawa yana ɗaurewa. Yana kan ta goma sha bakwai oba-oba, rediyon da suke magana da hasumiya, ta yi magana.

Muryar mace ce, wadda ke aikin safe a hasumiya. Shekara shida suna magana kullum, bai taɓa ganin fuskarta ba. Ta ce, "Masu fitila, saura minti biyu ku ba ni titina."

Ya miƙe da sauri, ya rataye abin da ke hannunsa, ya jefa ido kan allo. Komai ya yi daidai. Dogo ya ja mota suka fice, suka tsaya a bayan jan layi. Baba ya danna oba-oba ya ce, "Hasumiya, masu fitila sun fita. Titi lafiya."

"Na gode, Baba."

Ya sauko zai goge hannu. Tsumman da Dogo ya rataye a kusurwar allon ya jawo, sai ga inuwa a ƙarƙashinsa, baƙa, babu komai a kanta. Sifana mai lamba goma, wadda tsawonta bai wuce tafin hannu ba.

Ya cusa hannu a aljihun dama, babu. Ya cusa a na hagu, sai yatsunsa biyu suka zarce ta ƙasa. Aljihun ya ɓule.

Ya ce a nan ya daina jin jikinsa daga ƙugu zuwa ƙasa. Can a bakin titi kuwa ga wani ƙaton jirgi, irin masu ƙetare teku, yana juyo da hancinsa a hankali. Tagoginsa a jere kamar ƙwayar masara, kuma ya san kowace taga da mutum a bayanta.

Dogo ya leƙo. "Baba, lafiya? Ka yi kamar ka ga surukarka."

Ya nuna masa allon.

Dogo ya sauko ya birkita bayan mota, ya ɗaga tabarmar ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin kujera. Dariya ta bar fuskarsa. "Ka tabbata ka fito da ita? Ƙila tana ɗakin kaya."

"Da ita na ɗaure ta sha bakwai."

"To ƙila a ciyawa ta faɗa. Baba, saurara. Titin nan faɗinsa ya kai filin ƙwallo, sifana kuma ɗan yatsa. Da bakinka ka ce lafiya, an ɗauki muryarka. Saura wata takwas ka ajiye aiki. Ka tuna mai korar tsuntsayen da ya sa aka rufe titi a banza? Yana ina yanzu? Yana gadin motoci. Kuma tsumman nan nawa ne, Baba. 'Ya'yana shida."

Ba mugu ba ne Dogo, tsoro ne ke magana da bakinsa. Baba ma irin wannan maganar ya taɓa yi wa kansa a kan tabarma, da noti biyar a hannu.

Jirgin ya daidaita a kan layi ya tsaya. Sai ƙarar injin ta fara hawa, irin wadda ba a kunne ake jinta ba, a haƙarƙari. Ciyawar da ke bayansa ta kwanta. Baba ya ɗaga oba-oba.

"Hasumiya, masu fitila ne."

"Masu fitila, ku dakata."

"Ba zan dakata ba, 'yata. Tsayar da shi."

"Maimaita."

"Akwai ƙarfe a titi. Sifana. Tawa ce. Don Allah tsayar da shi."

Bai ji abin da ta ce wa matuƙin ba. Ya dai ga jirgin ya riga ya fara gangarowa, ƙarar na ƙaruwa, ya rufe ido yana jiran ya ji tukunya a cikin injin niƙa. Sai ƙarar ta karye, ta yi ƙasa, ta yi ƙasa. Da ya buɗe ido jirgin na tsaye, hancinsa na ɗan rinjaya kamar bijimin da aka ja wa igiya.

Kafin minti biyar wurin ya cika. Motocin kashe gobara, masu tsaro, masu shara, duk wanda ke da rigar aiki mai walƙiya. Injiniya, shugaban sashensu, ya iso da mota kafin ta gama tsayawa ya diro. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Ya ce, "Daga ina zuwa ina?"

"Daga fitila ta ɗaya zuwa ta sha bakwai, ranka ya daɗe. Da hanyar da muka fito."

Aka jera mutum arba'in kafaɗa da kafaɗa, kowa ido a ƙasa, aka fara tafiya. Wanda bai taɓa tsayawa a tsakiyar titin jirgi ba bai san girmansa ba. Ba inuwa, ba bango, kwalta ce kawai har inda ido ya ƙare, da baƙin sawun tayoyi da duk wani tabo a cikinsa ke kama da sifana. Kuma ga wani shiru da filin bai saba da shi ba. A ƙasa jirage shida sun jeru. A sama biyar ke zagaye, kana ganin su ƙanana suna shiga gajimare suna fita.

Suka kai ƙarshe ba a ga komai ba. Aka juyo.

Oba-obar Injiniya ba ta huta ba. Baba na kusa da shi, kunnen hagu na aiki, yana jin komai. An karkatar da jirgi biyu zuwa wani gari. Na uku ya ce man da ke gare shi ba zai kai shi can ba, minti ashirin zai iya jira, daga nan sai ya sauka ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Baba ya ɗaga kai ya dubi sama. Da, mutum ɗari uku yake jin tsoro dominsu. Yanzu ga waɗansu ya rataye a sama da bakinsa, kuma titin da za su sauka a kai shi ne wanda sifanarsa ke kwance a wani wuri. Ya ce da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya gode mata.

A zagaye na uku Injiniya ya tsaya ya dube shi. "Me ya sami ƙafarka?"

"Ba komai, ranka ya daɗe."

"Tun ɗazu kake ɗingishi."

"Ni?"

"Cire takalmin."

Ya dafa kafaɗar wani mai kashe gobara ya zare takalmin hagu, ya kifa shi. Sifana ta faɗo a kan kwalta, ƙaramar ƙararta kowa ya ji. Ta aljihu ta zurara, ta bi ƙafar wando, ta sauka a inda ya cusa wandon. Safarsa ta jiƙe da jini a wajen diddige. Kusan kilomita uku ya taka a kanta bai ji ba.

Mutum arba'in suka tsaya suna kallonta. Injiniya ya sunkuya ya ɗauka, ya juya ta, ya danna oba-oba. "Hasumiya, an samu. Ba mu minti uku mu fita." Sai da jirgin mai ƙarancin mai ya dira lafiya, tayoyinsa suka yi hayaƙi, sannan Dogo ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, hawaye na zuba, sauran suka kama. Baba bai yi ba. A gefen ciyawa ya zauna da takalmi ɗaya a hannu.

Bayan kwana uku aka kira shi gaban kwamiti, a wani ɗaki mai sanyi a sabon gini. Ya faɗi komai. Da aka zo kan tsumma ya ce shi ne babba a motar, shi ya kamata ya ɗaga ya duba, bai ambaci mai tsumman ba. Suna shirin sallamarsa ya ce akwai saura, ya ba su labarin noti biyar. Shugaban kwamitin, wanda a wancan lokacin ƙila yana firamare, ya juya alƙalami ya ce takardun wannan binciken sun tafi tare da tsohon gini, ba mai iya cewa nasa ne ko ba nasa ba. Baba ya ce ya sani, so yake dai wani ya ji.

Aka ba shi takarda biyu a ambulan ɗaya. Ɗaya ta gargaɗi ce, saboda ya ce titi lafiya bai duba da kyau ba. Ɗaya ta yabo ce, saboda ya kira. Matarsa ta sa wa ta yabon gilashi ta rataye a falo. Ta gargaɗin kuma ta manna a bangon da ke gaban kekenta, ta ce wannan tasu ce su biyu. A ranar ta ɗinke duk aljihunan da ke gidan, har na rigar barcinsa.

Yana fitowa daga ɗakin kwamitin wata 'yar siririyar mata mai tabarau ta tare shi a baranda. Bai san ta ba sai da ta yi magana. Ta ce, "Baba, ni na ba jirgin nan izinin tashi. Da bakina." Ta cire tabaran tana gogewa, ta kasa mayarwa. "Har yanzu idan na zo faɗin kalmar nan sai na ji maƙogwarona ya kama."

Ya ce, "Zai saki, 'yata. Amma kar ki bari ya saki duka."

Ya ajiye aiki a kan lokacinsa. Yanzu ana maganar titi na uku, shi kuma yakan leƙo kantin shayin ma'aikata lokaci-lokaci, wai ya zo gaisuwa, alhali so yake ya ji ko ana ɗaure fitila ta sha bakwai yadda ya kamata. A motar masu fitila an hana rataye komai a jikin allo in ba kayan aiki ba, an ma rubuta da jan fenti. Har yau idan jirgi ya ɗauki gudu maganarsa na yankewa, hannunsa ya tafi aljihu, ba ya ci gaba sai ya ga tayoyin sun bar ƙasa.

Kwanan baya ina zaune a wurin ya shigo, Dogo ya hango shi ya ɗaga murya don kowa ya ji. "A'a, ga mai rufe sama da ƙasa! Baba, cire takalmi mu duba, mun rasa guduma tun jiya."

Kanti ya ɗauki dariya. Ya bari suka gama, ya ja kujera, ya karkato da kunnen hagu, ya laluba aljihunsa.

"Ku dara, 'ya'yana, ni ma daɗi nake ji," in ji shi. "Da a titin sifanar take, da ba da wannan fuskar za ku riƙa tambayata ita ba."